Katakon da Na Kai wa Bakanike

Ni dai ba na zama a kan abu sai na girgiza shi. Kujera ce, benci ne, ko gadon asibitin Tokoin da na kwanta haihuwa, sai na fara ɗora hannu na jijjiga, in ji ko yana rawa. In yana rawa, in naɗe kwali in cusa ƙarƙashin ƙafar. In abin ya fi ƙarfin kwali, in aika a kira kafinta. Haka na tashi na ga uwata tana yi. A gidanmu na Zongon Lome babu teburin da ba za ka tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin ƙafarsa ɗaya ba, kuma duk aikina ne. Sana'ata koko da ƙosai, wadda kuwa take ɗora tukunya mai zafi a kan tebur kowace safiya ta san dalilina.

Na fara da wannan ne don a gane yadda aka yi na lalata wa autata katakonta da hannuna, ina ganin taimako nake yi.

Yayanta ne ya kawo mata shi. Yana sayar da takalman gwanjo a kasuwar Hedzranawoe, sai wata rana ya gan shi cikin kayan da aka sauke wa maƙwabcinsa, ya karɓo. Gajere ne, bai wuce rabin taɓarya ba. Samansa da kaushi, ƙasansa an zana wani kifi da ya koɗe, ga tayoyi huɗu masu laushi, launin lemo. Yara suna ce masa sket. Mu manya katako muke cewa, har yau ma.

A lokacin tana da shekara goma sha biyar. Ranar Lahadi sai ta saka wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta ɗaure hijabi tamau, ta bi 'yan ajinsu wani fili mai siminti can wajen jami'a. Ni ban taɓa ganin tana hawa ba. Abin da na sani kawai, tana dawowa da yunwa da fara'a, ita da a da sai ka yi mata tambaya uku kafin ta amsa ɗaya.

Gidan da muke ciki na yayar maigidana ne. Ni ina ce mata Yaya, yara suna ce mata Gwaggo. Maigidana yana arewa wajen albasa kusan rabin shekara, saboda haka magana a gidan tata ce. Mace ce mai jiki da ciwon ƙafa, kullum tana zaune a ƙofar ɗakinta da rediyo da carbi, kuma babu abin da yake wucewa ta tsakar gida ba ta gani ba. Shekara ashirin da wani abu muna tare, ban taɓa ce mata a'a ba. Ba tsoro ba ne kawai. Ita ta riƙe ni sa'ad da na zo gidan ban san kowa ba, ita ce ma ta tura ni ajin manya na koyi karatu da rubutu bayan na yaye ɗana na biyu.

Wata Litinin wata maƙwabciya ta shigo gaisuwa, ta tafi ta bar mana magana. Da yamma Yaya ta kira mu.

"Ke, zo nan. An ce an gan ki a bakin titi kina lanƙwasa kamar macijiya, masu zemijan sun tsaya suna tafa miki."

Zemijan su ne masu babur ɗin haya. A Lome ba su da aiki in babu fasinja sai kallo.

"Gwaggo, ba a titi ba ne, a gefe ne. Kuma mutum biyu ne kawai."

"Au, har kin ƙirga su."

Na sunkuyar da kai ina tsince tsakuwa a gero.

"Daga yau abin nan ba zai sake fita ƙofar gidan nan da ke ba," in ji Yaya. "A mayar wa yayanki ya sayar."

"To in hau a cikin gida."

Yaya ta dubi tsakar gidan ta yi dariya. Dole ta yi. Tsakar gidanmu in ka shimfiɗa tabarma shida ta cika. Ga rijiya a tsakiya. Ga bahunan da nake jiƙa gero, ga darona na ƙullu, ga murhun gawayi na mutum uku, ga barkonon da Bazabarmiya mai haya take shanyawa, ga igiyar shanya, ga kajin da ba a san na wa ba ne.

"A ina? A kan kaina?"

Nan autata ta shiga bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Wai nata ba irin na samarin da suke tsalle a kan dakali ba ne. Nata don juyi aka yi shi. Ba ya son gudu, ba ya son fili. Ba a ma tura shi da ƙafa sai sau ɗaya, sauran duk da jiki ne. Wai tana iya kewaya rijiya sau uku, ta bi tsakanin bahuna, ba ta taɓa komai ba, ba ta sa ƙafa a ƙasa ba.

"Sau uku?"

"Sau uku, Gwaggo."

"To Jumma'a bayan la'asar. Ba za a kwashe ko cokali ba. In kin yi, katako ya zauna, ki yi ta kewaya rijiya har ki yi aure. In kin taɓa wani abu, ya zama nawa. Kafin nan uwarki ta ajiye shi."

Aka tura shi ƙarƙashin gadona.

Ranar Alhamis da hantsi, na gama sayar da koko, yara suna lekol, wato makaranta, na durƙusa neman takalmina sai hannuna ya taɓa shi. Na jawo. Kuma kun san halina.

Tayoyin baya lafiya lau, sun tsaya daram. Na kama na gaba, sai ƙarfen da yake riƙe da su ya juya a hannuna, hagu, dama, kamar wuyan kazar da aka yanka. Na ɗora tafin hannu a kan katakon na danna gefe, ya kwanta. Na danna ɗaya gefen, ya kwanta. A kan wannan 'yata take tsayawa? Da wannan za ta kewaya rijiya gobe? Na ce a raina, kayan gwanjo ke nan, Bature ya gama cinye lafiyarsa ya jefar, yarinya kuma ba ta san abu ya lalace ba tunda ba ta taɓa ganin sabo ba.

Na naɗe shi a zani kamar jariri na fita.

A kusurwar layinmu akwai bakaniken babura, ɗan ƙabilar Mina, dattijo mai gilashi ɗaure da zare. Shekara da shekaru yana shan kokona. Ina ce masa Fofo, yana ce mini Maman Koko, kuma Hausarsa ta fi Minata.

"Fofo, duba mini wannan."

Ya ajiye sifana ya karɓa. Ya girgiza gaban, ya yi tsaki.

"Maman Koko, wa yake hawa wannan?"

"Autata."

"Kuma tana da haƙoranta duka?"

"Zuwa yanzu."

"Ki gode Allah. In babur ya zo mini da kai irin wannan, ba na barin mai shi ya tafi. Dubi! Dubi!" Ya juya wa masu zemijan biyu da suke jiran faci. Su ma suka girgiza, suka girgiza kai. Ɗaya ya ce shi ko kyauta ba zai hau ba.

Raina ya yi sanyi, tunda ga masana sun ga abin da na gani. Fofo ya kwance wani babban noti, ya leƙa, ya ce akwai abin da ya ɓace a ciki. Ya tono gwangwaninsa ya samo zobban ƙarfe uku ya jera, ya mayar da notin, ya ɗaure, ya sa ƙafa ya taka sifanar ya ƙara ɗaurewa. Da ya gama, gaban nan ko da guduma ba zai motsa ba. Ya tura shi a ƙasa, ya tafi sak kamar jirgin ƙasa har ya bugi bango.

"Yanzu ya zama abu," in ji shi.

Na yi godiya, na ce gobe kokonsa da ƙosai biyar. Na mayar ƙarƙashin gado. Ban gaya mata ba. Na so ta hau ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba, sannan in ce ai ni ce.

Jumma'a ta yi. Ashe magana ta fita, domin bayan la'asar har matan gidan da ke bayanmu sun shigo, kowa da 'yar kujerarta. Autata ta makara a lekol. Ta shigo da gudu, ta yi salla, ta saka wando, ni kuma na miƙa mata katakon da kaina ina murmushi.

"Maza, rana tana tafiya," in ji Yaya.

Ta ajiye shi a ƙofar kicin. Ta ɗora ƙafar hagu, ta tura da dama sau ɗaya, ta hau. Rijiya tana gabanta ta hagu, darona na ƙullun gobe yana bayan rijiyar kaɗan ta dama. Na ga ta juya kafaɗa, ta kwantar da jiki hagu, da kyau, kamar mai rawa. Jikinta ya tafi hagu. Katakon bai bi ta ba.

Shi ya wuce sak ya daki daron. Ita ta faɗi zaune a kan barkonon Bazabarmiya. Daron ya yi tangaɗi, ya yi kamar zai tsaya, sai ya kife. Ƙullu ya malale fari fat har ƙofar Yaya, kaji suka taso.

Aka yi salati, sannan aka fashe da dariya. Bazabarmiya tana dariya tana atishawa.

Autata ba ta ji ciwo ba. Ta miƙe, barkono a manne a rigarta, idonta a kan katakon.

"An taɓa shi," ta ce. "Gwaggo, wallahi an taɓa shi. Bari in duba."

"Ba abin da za ki duba. Miƙo mini kayana." Wata ta ɗauka ta miƙa. Yaya ta goge ƙullun da tsumma. "Wa zai taɓa? Yana ƙarƙashin gadon uwarki tun Litinin. Ko aljanu? In mutum bai iya ba ya ce bai iya ba, ba ya rantse."

Ta dube ni. Autata ma ta dube ni, ba da zargi ba, da neman in ce wani abu.

Ni kuwa na ɗauki tsintsiya na shiga share ƙullu.

A lokacin ban ma gama fahimta ba. Ina shara ina cewa a raina, to ai an gyara, me ya faru? Sai da na ji ta a ɗaki tana gaya wa yayanta a waya cewa gaban ya ƙi juyawa, shi kuwa gaban nan da yake lilo shi ne dukan abin, in babu shi katako ne kawai da taya. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Abin da na kai aka kashe, shi ne ransa.

Kwana uku ban ce komai ba. Washegari babu koko, na ce wa masu saye gero ne bai jiƙu ba. Autata ba ta yi fushi da kowa ba, ta dai koma yadda take a da: tambaya uku, amsa ɗaya. Abin da ya fi damuna, yaran gida sun sa mata suna, in ta wuce sai su ce ga Sau Uku. Ita kuma Yaya ta sami abin ɗora ƙafa. Tana zaune tana jin rediyo, ƙafafunta a kan katakon, tana tura shi gaba tana jawo shi baya, wai yana sauke mata kumburi. Yana tafiya sak, yana dawowa sak. Aikin Fofo ba ƙarya.

Ranar Talata na dama koko na musamman, da citta da kanumfari yadda take so, na kai mata da kaina. Na zauna a ƙasa. Na gaishe ta, na tambayi ƙafa, na tambayi barci, na tambayi ƙafa kuma.

"Ƙafar dai ita ce ta ɗazu," in ji ta. "Faɗi abin da ya kawo ki."

"Yaya, yarinyar nan ba ta yi rantsuwar ƙarya ba. An taɓa shi."

"Wa?"

"Ni."

Na ba ta labari tun daga neman takalmi har zobba uku. Tana kurɓar koko tana saurare. Da na zo wajen da Fofo ya taka sifana da ƙafa, sai ta ajiye kofin, kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har da hawaye.

"Ke! Ke da girgize-girgizenki! Ranar da aka kawo ki gidan nan, gadon amarcinki ma sai da kika jijjiga, ina kallo ta taga."

"A yi haƙuri, Yaya. A ba ta dama ta sake."

Ta share ido. Ta tura katakon da ƙafa.

"Na yi magana a gaban mutane. Na ce sau ɗaya za ta gwada, ta gwada. In na janye, gobe kowa a gidan nan sai ya zo mini da nasa bakaniken." Ta ɗan dube ni ta gefen ido. "Amma ban ce komai a kanki ba."

"Ni?"

"Ke kika ɓata. Je ki a kwance abin da kika ɗaure. Jumma'a biyu na ba ki. Daga ƙofar kicin, ki kewaye rijiya, ki zo nan gabana. Sau ɗaya ma ya isa, ke ba ki yi alkawarin uku ba. In kin iso a kansa, na yarinya ne. In ba ki iso ba, ƙafata ta gode."

Ina ganin ta ɗauka zan ce a bar maganar. Ni ma haka na ɗauka. Sai na ji bakina ya ce to.

Da autata ta dawo lekol na gaya mata, a tsaye, ina kallon bango. 

"Maman, me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Na ga yana rawa."

"Ai aikinsa ke nan."

"Yanzu na sani."

"Kuma ke za ki hau?"

"Haka Gwaggonki ta ce."

Ta rufe baki da hijabi. Dariyar farko ke nan cikin kwana huɗu, kuma ni aka yi wa.

Muka je wajen Fofo tare. Bai ji daɗi ba. Ya ce shekara talatin yana ɗaure abu, ba a taɓa dawo masa da aiki a ce ya yi kyau da yawa ba. Autata ta karɓi sifanar da kanta, ta cire zobbansa uku ta zuba masa a tafin hannu, ta sassauta notin tana gwadawa har gaban ya koma lilonsa. Ta ajiye a ɗan simintin gaban shagon, wuri bai fi tabarma biyu ba, tsakanin babur da bokitin faci. Ta hau.

Ranar na fara ganin 'yata a kansa yadda ya kamata. Ba ta sa ƙafa a ƙasa ba. Kafaɗa ta juya, ƙugu ya bi, katakon ya bi ƙugu, sai ga ta tana tafiya, hagu, dama, hagu, dama, kamar kifi a cikin baho. Ta kewaye bokitin, ta dawo ta kewaye Fofo. Babu ƙara sai wani ɗan shuu na tayoyin. Fofo ya cire gilashi ya goge ya mayar.

"To," ya ce. "Amma ni dai ba zan sa hannu a takarda ba."

Muka fara a ɗaki, tsakanin gado da kabad, ƙofa a rufe. Na ari wandon maigidana na saka a ƙarƙashin zani. Kwana biyu na farko tsayuwa kawai, ina riƙe da ƙarfen taga da hannu biyu. Abin yana rawa a ƙarƙashina, duk jikina yana cewa nemo kwali.

"Maman, saki gwiwa. Kin sandare kamar sojan ƙofar banki."

"In na saki zan faɗi."

"In ba ki saki ba ne za ki faɗi. Bar shi ya yi rawarsa, ke ki bi shi."

Daga ɗaki muka koma zaure, bayan azahar, lokacin da kowa yake kwance. Zauren dogo ne siriri, ina iya taɓa bango biyu. Ta riƙe hannuna tana tafiya da baya. Na koyi danna yatsun ƙafa ya tafi wannan gefe, danna dunduniya ya tafi wancan. Na faɗi sau biyu, ɗaya a kan buhun gawayi, ɗaya a kan ita malamar. Cinyoyina suka yi tsami har ruku'u sai da dabara. Masu sayen koko suna tambaya ko ƙafa ce, na ce shekaru ne.

Amma juyawa ta gagara. Da na zo inda zan karkata sai in kalli ƙafafuna, da na kalle su kuwa sai in sauka. Jumma'ar farko ta wuce. Laraba ta biyu ta zo, ban kewaye ko bokiti ba.

"Daina kallon ƙasa, Maman! Kalli inda za ki. Kai ya fara, kafaɗa ta bi."

"Idona ne yake zuwa da kansa."

Ta zauna a kan buhun gawayi ta yi tagumi. Can ta ce, "Amma ke fa in kin ɗauko gero daga kasuwa, kina ratsa mutane da babura, ba kya kallon ƙasa."

"Wa zai kalli ƙasa da kaya a ka?"

Muka dubi juna. Ta tashi da gudu ta ɗauko gammona da farantin ƙosai.

Abin kamar wasa. Da farantin ya zauna a kaina, wuyana ya miƙe, gwiwata ta saki da kanta, ƙuguna ya karɓi aikin da ya saba tun ina 'yar shekara bakwai ina bin uwata talla. Duk macen da ta taɓa kauce wa zemijan da tire a ka ta san wannan karkatar: sama yana tsaye, ƙasa yana tafiya. Ta tura ni a hankali. Na dubi ƙofar zaure, na dubi bango, katakon ya bi idona. Na kewaye bokitin da ta ajiye mini. Ban san na yi ihu ba sai da Bazabarmiya ta leƙo tana tambaya ko kunama ce.

Jumma'a ta biyu mutanen sun fi na farko. Ba a kwashe ko cokali ba, sai dai ni da kaina na janye daron ƙullu tun da safe na kai ɗaki, kuma Yaya ta gani ta kau da kai. Na fito da wandon maigidana yana leƙowa ƙarƙashin zani, na naɗa gammo, na ɗora faranti. Na zuba ƙosai goma a ciki, don faranti marar kaya ba ya zama.

"Talla za ki ko hawa?" in ji Yaya.

"Duka, Yaya."

Na yi bisimilla na hau. Autata ta sa hannu biyu a bayana.

"Kalli igiyar guga, sannan ƙofar Tanti, sannan Gwaggo," ta raɗa mini. Ta tura.

Tafiyar ba ta kai a karanta Fatiha ba, amma ina iya ba da labarin kowane taku nata. Na kalli igiyar guga. Na danna dunduniya, katakon ya kwanta, rijiya ta fara wucewa ta gefena. Wata kaza ta gitta, na ce mata kur ban kalle ta ba. Na kalli ƙofar Bazabarmiya, wadda yara suke ce wa Tanti. A bayan rijiya gudun ya fara mutuwa. Na ji ana cewa wayyo, za ta tsaya. Sai na yi abin da na ga 'yata tana yi, na murɗa kafaɗa na bi da ƙugu, sau ɗaya, sau biyu, ba kyau, kamar mai fama da ƙaiƙayi a baya. Ya ɗan ƙara tafiya. Zanina ya shafi bakin wani baho, na ji shi sarai. Na ɗaga ido na kalli Yaya.

Ita kuwa a daidai lokacin carbinta take dubawa, wai ya harɗe.

Katakon ya zo ya tsaya da kansa, tayar gaba a kan bakin tabarmarta. Na sauko da ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Na durƙusa na sauke farantin a gabanta. Ƙosai goma, ba wanda ya faɗi.

Aka yi guɗa kamar an kawo amarya. Yaya ta ɗauki ƙosai ɗaya ta gutsura, ta tauna a hankali.

"Ya huce," ta ce. Sannan ta tura katakon da ƙafa wajen autata. "Ɗauki kayanki. A cikin gida, na ce. Kuma kafin ki fara, sai kin nemo mini wani abin ɗora ƙafa."

"Gwaggo, in yi ukun nan yanzu?"

"Wa ya hana ki?"

Ta yi bakwai. Yara suna ƙirgawa da Faransanci, Tanti tana janye barkononta duk da haka.

Katakon yana nan. Tayoyin sun ci, an sauya biyu. Yanzu tana jami'a, ba ta cika samun lokaci ba, amma in ta dawo da yamma takan kewaya rijiya kaɗan kafin ta cire takalmi, tana ba ni labarin ranar tana wucewa ta gabana, rabin magana a wannan gefe, rabi a wancan. Ni ma nakan hau in tsakar gida ba kowa, daga kicin zuwa igiyar shanya, da kwanon wanki a ka. Yaya ta sami wata tsohuwar kwalbar gas ƙarama tana murzawa da ƙafa, tana cewa ba ta kai katako ba.

Fofo har yau in ya zo shan koko sai ya tambaya, "Maman Koko, abin nan yana rawa?"

In ce yana yi.

Ya girgiza kai, ya ɗora kofinsa a kan teburina, wanda ba ya motsi ko kaɗan.